Kankaren Shefqet

Gidan Ndue yana lilo a sama lokacin da Shefqet ya fito da kofin gahawa a hannu. Motar ɗaga kaya ta cafke gidan ta kusurwa huɗu, labulen kicin yana kaɗawa ta taga, Ndue kuwa yana ƙasa yana ta ihu a yi hankali da firjinsa.

"Ka yi masa bankwana, maƙwabci," in ji Shefqet. "Daga yau sai dai ka gan shi a hoto."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri. Bayan asibiti za a kai mu. Sau uku aka kawo maka takarda."

"Ai na karanta. Mai sayar da kwantena ma takarda yake bayarwa."

Gidaje ashirin da huɗu ne na ƙarfe da katako, kowanne ɗaki biyu da kicin da banɗaki, ga farantin sola a rufi. A tirela aka kawo su shekara biyu da suka wuce, bayan girgizar ƙasa ta tsattsaga unguwar, aka jera su a filin ƙwallon makaranta. Yanzu makaranta na son filinta. Birninmu Tirana kuma ya cika ya batse, don haka za a jera gidajen, tare da na wasu unguwanni, hawa uku, wani kan wani, a wani ɗan fegi bayan asibiti. Saboda ciwon gwiwar Hajrije, matar Shefqet, an ba su hawan ƙasa, lamba sha huɗu.

Shefqet bai gaskata ko kalma ɗaya ba, kuma ni ban ga laifinsa sosai ba. Mu da muka sauko daga duwatsun arewa shekara talatin da suka wuce, muka kama fili a gefen birni, abu guda muka koya. Wanda ya kafa rumfar katako, an share shi. Wanda ya zuba kankare, har yau yana nan, jikokinsa na wasa a bene. Shefqet birkila ne, rabin tubalan unguwar shi ya ɗora su. Tun ranar da ya ga gida ya zo a bayan mota ya ce wanda ya kawo shi zai dawo ya ɗauki abinsa.

Bayan azahar aka zo kan nasa. Injiniyar aikin, wata yarinya mai suna Mirjeta, ta duba takardarta ta ɗaga wa direba hannu. Sarƙoƙi suka miƙe, injin ya yi gurnani, mota ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Gida ko motsi bai yi ba.

Direban ya leƙo. "Me kuka ajiye a ciki, Kawu? Giwa?"

Mirjeta ta durƙusa ta janye tukwanen barkono da aka jera a gindin gidan. Ƙafafun ƙarfe huɗu da gidan ke tsaye a kansu sun nutse cikin kankare mai sulɓi, aikin gwani.

"Kawu Shefqet, mene ne wannan?"

"Ɓeraye ne suka dame mu."

"Ɓeraye? Har da rodi?"

"Ɓerayen nan ba ki san su ba, 'yata."

Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta yi masa bayani dalla-dalla. Ƙarfe huɗu tirelar ƙarshe za ta tashi. Gobe da safe za a fara ɗora hawa na biyu, kuma ba a ɗora gida a kan iska. In gurbin sha huɗu ya kwana ba kowa, za a saka gidan wani a ciki. Shi sai dai hawa na uku, in ya fasa kankarensa daga baya. In bai fasa ba, ya zauna a filin ƙwallo, ba ruwa ba wuta.

"To ga shi nan, an zo wurin," in ji Shefqet, yana duban sauran maƙwabta. "Su sa ni in fasa da hannuna, su loda, gobe in ga gidana a bakin teku ana sayar da kifi a ciki. Wa ya ga fegin nan da idonsa? Ke, ɗan wa aka yi wa alkawarin gidana?"

Hajrije tana zaune a bakin ƙofa tana jin su. Matakala uku na ƙofar nan ma sai ta huta a tsakiya take gama su. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta, ta ɗingisa zuwa tashar bas.

Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Ya zauna a kan bokiti ya tsare ƙofa, yana kallon gidaje na tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar farin murabba'i a ciyawa. Direba ya miƙo masa sigari, ya ƙi karɓa. A ganinsa duk bakinsu ɗaya.

Ƙarfe uku wayarsa ta yi ƙara. Hajrije ce.

"Maigida, ga ni a wurin. Ga gidan Ndue an sauke, matarsa har ta ɗora tukunya. Ga gurbinmu, an rubuta sha huɗu."

"Da me aka rubuta?"

"Da fenti."

"Fenti ai goge shi ake yi. Kin ga bututun ruwa?"

"Na gani, na murɗa, ya jiƙa mini takalmi."

"Wa ya nuna miki? Mutanensu ne?"

Da ta amsa, muryarta a kwance take, irin wadda ya fi tsoro.

"Daga inda nake zaune ina hango ƙofar asibiti. Taku ɗari bai kai ba. Shekara biyu ina hawa bas biyu don a yi mini allura, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Hawa na uku kuwa, in aka kai ni, sai dai a sauko da gawata. Na zauna a kan lambar nan, ba inda zan je. In ka zo da gida, to. In ba ka zo da shi ba, ka aiko mini da bargo."

Ta kashe wayar.

Shefqet ya daɗe yana kallon wayar. Kunya ta kama shi, da tsoro, don ya san Hajrije ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ya duba fili, saura gida biyu da nasa. Har yanzu zuciyarsa na raya masa cewa akwai wata maƙarƙashiya da bai gano ba. Duk da haka ya tashi ya shiga ciki, ya fito da babbar gudumarsa.

Mirjeta ta duba agogo, ta matsa gefe. Ya gyara tsayuwa a gaban ƙafa ta farko, ya ɗaga, ya sauke da iya ƙarfinsa. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, kafaɗarsa ta amsa. A jikin kankaren ɗan farin tabo kawai ya fito.

Direba ya sauko daga mota, ya shafa wurin da yatsa, ya yi fito.

"Kai! Wane ne ya zuba wannan, Kawu?"

Shekara arba'in ana yi masa wannan tambaya, kullum ƙirji yake bugawa kafin ya amsa.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Kana da wata gudumar a mota?"