Lissafin Nana a Bayan Labule

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum yana digiri na uku a ilimin rabon gado, kullum bayan la'asar ɗalibai sun cika mana falo a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, takalma har kan matakala, amma 'yar cikinsa ta kawo masa littafin lissafi ya ce, "Ni ba ɗan boko ba ne." Maigidana ke nan, Malam.

'Yarmu Nana tana aji uku na ƙaramar sakandare. Lissafi ya kayar da ita a zangon farko, Malam kuwa ya yanke hukunci: in ta sake faɗuwa, sai Gusau wurin mahaifiyarsa. Wai Alƙahira ba wurin zaman banza ba ne. Zaman banza! Yarinyar da ke dafa wa ɗalibansa shayi.

Abin da ya gagare ta shi ne tara kusur, lissafin nan na kaza bisa kaza, amma da haruffa. A nan sin da sad suke rubutawa maimakon x da y. In aka ce ta tara ɗaya bisa sin da ɗaya bisa sad, sai ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, malama ta bi ta da jan biro. Ni kuwa a firamare na tsaya, sai dai in taya ta kuka.

Na ce, "Haba Baban Nana, ka ɗan zauna da ita mana."

"Ma'alish, yi haƙuri Rabi, ɗalibai na jira."

Ran nan ni da ita muna kicin, labule ne kawai tsakaninmu da falo, sai muka ji muryarsa.

"Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da baffa. Mata rubu'i, uwa sulusi. Ukasha, ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa uku, nawa ke nan?"

"Biyu bisa bakwai, Malam."

"Subhanallahi, ka cinye haƙƙin mutane! Kason ba girmansu ɗaya ba, yaya za ka tara su? Nemo asalin mas'ala tukuna. Uku sau huɗu, sha biyu. Mata uku, uwa huɗu. Bakwai bisa sha biyu."

Haka ya yi ta maimaita wa ƙaton nan mai gemu, cikin lallashi, ko tsaki babu. Na ciji leɓe don takaici.

Da na waiwaya, shayi na ta zuba a kan murhu, Nana na tsugune tana rubutu a bayan kwalin ganyen shayi.

"Umma, sin sau sad ne asalin! A sama kuma sai in tara sad da sin!"

Tun daga ranar ta tare a gindin labulen da littafinta. Ni na karɓi dafa shayin.

Sakamako ya fito, ta ci. Malam ya kira ta falo, yana ta washe baki a gaban ɗalibai.

"Masha Allah! Wa ya koya miki?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? Yaushe?"

"Lokacin da kake koya wa Yaya Ukasha. Ina bayan labule."

Malam ya juyo ya daɗe yana kallon labulen. Ina tsaye a bayansa, ya sani sarai, ban kuwa taimake shi da ko tari ba.