Tara da Tsani a Kife

Shi dai mai gyaran lif ne a dogayen benaye, kuma a rayuwarsa bai taɓa buga wasan bidiyo ba. Amma tun da ya rabu da matarsa, ta tafi da 'yarsu wani gari ta yi sabon aure, wayarsa da yarinyar ta koma gaisuwar maƙwabta, ba ta wuce lafiya lau da sai an jima. Abin yana cinsa, bai kuwa da wanda zai gaya wa.

Rannan yana ɗakin inji a saman wani bene, hannu duk baƙin mai, sai ga kiranta. Ita da kanta!

"Baba, ka ga hoton da na turo maka?"

"Na gani, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Mene ne shi?"

Ta zuba masa bayani kamar an kunna famfo. Wai kamfanin wasan da take bugawa zai fito da ƙarin sashe, amma maimakon suna sai suka saki lamba tara da ɗan layi a gabanta, da zanen tsani a kife. Masoya wasan duk sun haukace da hasashe.

"Kai da kake aikin hawa da sauka, me ka gani?"

Bai ga komai ba. Amma wa zai bar irin wannan dama ta wuce? Ya gyara murya ya ce a lif, lamba mai layi a gaba tana nufin hawa na ƙarƙashin ƙasa, don haka ƙasa za a tura 'yan wasan.

Ta yi ihu har sai da ya janye wayar daga kunne. Washegari ta ce ta saka maganarsa a zauren masoya wasan na intanet, ana ta musu a kai, wani ma ya ce babanta gwani ne.

Daga nan bawan Allah ya shiga uku. Mutumin da ko labarai bai cika karantawa ba, ga shi a lokacin cin abincin rana yana zaune kan akwatin kayan aiki, tabarau a ƙarshen hanci, yana bin surutun yara. Ya haddace sunayen dodannin wasan. Hasashe ɗaya yakan raba shi biyu, ya ba ta rabi yau, ya ɓoye rabi don ta sake kira gobe. Addu'arsa ɗaya ce, kada kamfanin nan ya yi saurin buɗe baki.

Suka buɗe. Da hantsi ya gani a wayarsa: ashe lambar tana nufin sarakuna tara ne da aka kashe a labarin wasan, tsanin kuma tambarin gidansu. Babu ƙasa, babu lif.

Ya jira kiranta har rana ta karkata, shiru. Ya kira.

"Baba, ka sha ƙasa!" ta ce tana dariya. Yana jin kiɗan wasan a bayanta.

"Na sha, Uwata. To shi wasan nan, mutum zai iya shiga daga nesa, ku buga tare? Sai in nemi na'urar in koya."

"Ana iya wa. Amma mutum huɗu ake yi, kuma mun cika. Ni da ƙawayena biyu, sai Abba."

Abba shi ne mijin uwarta.

"Ya iya?"

"Kai, ya fi mu duka! Baba, an fara, ana jirana."

"Madalla," ya ce. "Ki gaishe shi."

Ta riga ta kashe. Ya daɗe yana kallon wayar. Can ƙasa wani ya ƙosa yana ta bubbuga ƙofar lif, sai ya sa wayar a aljihu ya ɗauki sufana.