Ƙararrawar da Ta Nutse a Kogi

Turai ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Dubai, amma tun tana makaranta a Kano hannunta ba ya rabuwa da fenti. Ɗakinsu na unguwar Karama ƙarami ne, su uku a ciki. Da ta ƙuduri yin babban zane sai ta je wurin kawunta, Alhaji Mijinyawa, mai siton kayan da ake aikawa ƙasashe a unguwar Al Warsan, ta roƙe shi ya sam mata lungu. Ya ba ta bangon da ke bayan kwalayen takalma, da sharaɗin kada fenti ya taɓa kayan mutane.

Mafarin zanen labari ne da abokiyar aikinta Nilar, 'yar ƙasar Myanmar, ta ba ta suna cin abincin rana. Ta ce a zamanin da wani sarkinsu ya sa an zuba ƙararrawar tagulla wadda ake cewa ba a taɓa yin mai girmanta ba. Daga baya wani Bature ya sauke ta daga wurin bautarsu don ya narkar ya ƙera igwa, nauyinta ya rinjayi jirgin ruwan da aka ɗora ta a kai, ta nutse a kogi kusa da Yangon. Har yau ana nemanta. Daga nan Turai ta shiga binciken manyan ƙararrawa, har da ta Mosko wadda ta tsage tun ba a taɓa kaɗa ta ba. Amma wadda ta nutse ce ta tsaya mata a rai.

Alhaji kan leƙo bayan la'asar. Bai ga komai a ƙyallen da take zanen a kai ba sai shuɗi da wasu da'irori masu faɗaɗa. Rannan ya kasa haƙuri ya tambaye ta ina ƙararrawar.

"Kawu, ba ita nake zanawa ba," in ji Turai. "Amonta nake nema, yadda zai taso ta cikin ruwa."

Bai gane ba. Da farko ma ya ɗan yi ɗari-ɗari, ganin kaya ne na wurin bautar wasu, amma da bai ga siffar mutum ko gunki ba sai ya saki jiki. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yarinyar kanta. Takan taso daga aiki a gajiye, ta shigo jirgin ƙasa na metro ta ƙarasa a bas, ta yi salla, sannan ta tsaya gaban ƙyallen nan kamar wadda ta wuni tana hutawa.

Bayan watanni ta gayyato Nilar. Baƙuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce zanen ya yi kyau, sai dai wannan ba koginsu ba ne. Wannan ruwan unguwar Deira ne na nan Dubai, inda ake hawa kwale-kwalen da ake kira abra. Nasu kalar shayi ne mai madara, laka ce tsantsa, ko hannunka ba ka gani a ciki.

Alhaji ya zaci ran Turai zai ɓaci. Sai ya ji tana ta jero tambayoyi: yaya ruwan yake da damina, wane wari yake yi, laka baƙa ce ko ja. Washegari ya iske ta da wuƙar fenti tana kankare shuɗin.

"Haba 'yata, duk wahalar nan?"

Ta ce masa ai ba asara aka yi ba, shuɗin zai riƙe abin da za ta ɗora a kai. Ta kwaɓa fenti mai ruwan ƙasa da yashi, ta yi ta shafawa hawa-hawa. Can ƙasan ƙyallen ta bar wani wuri mai duhu da nauyi, daga cikinsa ta karta siraran layuka masu ruwan tagulla, suna hawa suna dusashewa kafin su kai sama. Wata rana Alhaji ya lura cewa in ya tsaya gabansa yakan rage murya ba da niyya ba.

Da Nilar ta dawo, cire takalmanta ta yi kafin ta matso. Ta yi shekaru da yawa ba ta je gida ba. Ta kira mahaifiyarta a waya ta juya mata kyamara wajen zanen, tsohuwar ta yi ta share ido da gefen mayafinta.

Ba a jima ba wani ƙaramin gidan nune-nune a unguwar Al Quoz ya nemi aron zanen. Ma'aikatan sito suka zo za su ɗauka yadda suke ɗaukar kwali, Alhaji ya ce khalas, su tsaya. Da hannunsa ya naɗe shi da barguna, ya zauna a bayan motar yana dafe da shi har suka isa. Ranar buɗewa ya sa babbar rigarsa ta shadda ya tsaya a gefe. Duk wanda ya jima a gaban zanen sai ya matsa kusa da shi, ya gaya masa da guntun Larabcinsa cewa 'yar ƙanwarsa ce ta yi.