Atamfar Inna

"Ki daina taɓa wa mutane kaya," in ji Baraka, ta buge hannun ƙanwarta. "Dubi faratanki. Nan ba gonar tumatir ba ce."

Kubra ta janye hannun ta ɓoye a cikin mayafi. Gaskiya ne, faratanta sun yi baƙi, don ruwan ganyen tumatir ba ya jin sabulu. Rani guda ta yi tana tsinka a gonakin mutane a bakin kanal ɗin Bunkure, da aka yanke alkama kuma ta bi kala. Abin da ta tara yana ɗaure a haɓar zanenta, kuma abu ɗaya ya kawo ta Kano: turmin atamfa 'yar Holan, na Inna mahaifiyarsu. Sallah uku ke nan tsohuwar tana zuwa idi da zane ɗaya, wanda ya koɗe har ba a gane furannin jikinsa.

Saura kwana huɗu sallah, Kantin Kwari ya cika maƙil. Amma ƙafa ce ta yi yawa, hannu duk wayam. Shekarar ce da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mutum zai ɗaga yadi, ya ji kuɗinsa, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. 'Yan kasuwa sun kishingiɗa a kan dilolin kaya suna fifita, azumi da rana sun sa kowa fuska a murtuke.

Tun hantsi Baraka take jan ta layi-layi. Ta taya takalmi ta ce ba irin nata ba ne, ta shinshina turare ta yatsina fuska. Ba ta sayi ko allura ba. Da safe ma, da Kubra ta sauke mata tsarabar tumatir da tiyar shinkafa a gidanta na Fagge, cewa ta yi, "Ku dai ba ku da tsaraba sai kayan gwari." Amma kafin Kubra ta gama gaisawa da mijinta Lukmanu, an juye kayan an kulle a ɗaki, an miƙo mata kwandonta. Shi kuwa Lukmanu yana zaune a tabarma da singileti, ranar Talata, alhali ma'aikacin masaƙa ne. Hutu ya ɗauka, in ji Baraka.

"Yaya, ga wasu can masu kyau," in ji Kubra.

"Wa ya san gari, ni ko ke? Ina da mutumina. Ki yi shiru kawai, kada ki buɗe baki a tsawwala mana."

Mutumin nata Alhaji Datti ne, mai wani ƙaramin shago a ƙarshen lungu. Yana ganin su ya miƙe zaune.

"Hajiya Baraka, sai yau? Wannan ce ta Bunkuren? Sannu da zuwa birni, Malama. Ya ruwan kanal?"

Bai tambayi abin da suke so ba. Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya zaro turmi ɗaya, shuɗi mai ganye ruwan ƙwai, ya baza a cinyarsa. Atamfar ta yi kyau, har sheƙi take. Kuɗin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke haɓar zanen Kubra, kamar wanda ya leƙa.

Inna ba ta gani sosai yanzu, amma ba a yi mata wayo a atamfa. Tun suna yara ta koya musu: ka kama gefe ka lasa. Ta gaske gishiri-gishiri take, jabu kuwa salam, ko ta yi ɗaci. Duk matan gidansu haka suke yi. Kuma Kubra ta san abin da Inna za ta fara yi da turmin nan in an sha ruwa.

"Yaya," ta ce a hankali, "ina so in gwada."

"Da azumi a bakinki? Kina da hankali kuwa?"

"Ba haɗiyewa zan yi ba."

"Za ki kunyata ni a gaban mutane. Na ce miki ta gaske ce. Ƙarya zan yi miki a kan kayan Inna?"

Datti ya yi dariya. "Malama, ga hatimi a jiki, karanta. Ko ba a yi boko ba?"

Kubra ta dubi hatimin, ba ta san me ya ce ba. Ta tuna sunkuyon da ta sha tun sanyi har zafi, da ƙaiƙayin alkama a wuyanta. Kafin kowa ya ankara ta kamo gefen atamfar ta kai baki, ta lasa, ta juya ta tofar a ƙasa.

Babu gishiri. Ɗaci ne kawai, da ƙarnin sitaci.

"Wannan ba ita ba ce," ta ce.

Datti ya fizge kayansa. "Jama'a ku zo ku gani. Da rana tsaka, a watan azumi, mace tana lashe min kaya kamar akuya."

Nan da nan lungun ya cika. Dama mutane sun gaji da kallon abin da ba za su iya saye ba, ga kallo kyauta ya samu. Wata ta ce ai daga ganin kwandon ka san daga inda aka fito. Wani ya ce azuminta ya tafi, wani ya ce bai tafi ba tunda ta tofar, suka hau musu a kanta kamar ba ta wurin.

"Jabu ce," in ji Kubra. Ita kanta ba ta san tana da sauran murya ba.

"Jabu ko ba jabu ba, da yawunki a jiki wa zai saya?" Datti ya juya kan Baraka. "Ke kuma haka muka yi da ke? Ba ke kika zo jiya kika ce in ajiye wannan ba, ta ƙauye ce ba ta san komai ba? To la'adarki ta sha ruwa."

Baraka ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ba ta ce ƙarya yake yi ba.

Wani dattijo mai shagon kusa ne ya raba. Ya ce wanda ya lasa ya saya, haka kasuwa ta gada, amma a kuɗin jabu za ta biya. Kubra ta kwance haɓar zanenta a gaban kowa ta biya. Abin da ya rage ba zai sayi 'yar Holan ba, ko rabin turmi.

Suka kama hanyar tasha. Kubra tana gaba da kwando a ka, Baraka tana bin ta. Sai a lokacin Kubra ta lura da sautin tafiyar yayarta, ɗaya takalmin yana jan ƙasa. Da waya aka ɗaure shi.

"Wata bakwai ke nan da aka sallami Lukmanu," in ji Baraka a bayanta. "An rufe ɓangarensu. Tumatirin da kika kawo, shi ne miyarmu ta sallah."

"Da kin tambaye ni."

"In tambaye ki? Ke?"

"Ni. Mai baƙaƙen farata."

"Kada ki gaya wa Inna."

Kubra ta tsaya. Ta ciro turmin daga kwando ta ɗora a hannun Baraka.

"Ba abin da zan gaya mata. Ke za ki kai mata da hannunki, ki ce tsarabarki ce daga birni. Ki zauna a gabanta har a sha ruwa, har ta lasa. Abin da za ki ce mata bayan nan, ke kika sani."

"Kubra, ni ce fa babba."

"Shi ya sa."

Ɗan kamasho yana ta kiran Bunkure da Rano, saura mutum biyu. Kubra ta shiga ta zauna a bakin taga, ta ɗora kwandon a kujerar kusa da ita. Wani mai buhun taki ya leƙo ya ce ta ɗauke.

"Da mutum," ta ce, ba ta waiwaya ba.

Direba ya tayar da mota. Kubra tana kallon masu lemo da ƙanƙara suna jera kayan buɗe baki. Can ta ji takalmin nan yana jan ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa. Aka ɗauke kwandon.