Kwanar da Direbobi Ke Wucewa

"Ki ce wa direban ya saki kwalta daidai wajen injin niƙa," in ji tsohon kafinta, yana kwance, wayar a kan ƙirjinsa.

Maƙwabcinsa mai gyaran keke, wanda ke zaune a bakin gado, ya girgiza kai. "Wane injin niƙa kuma? Wanda aka kwashe tun yarinyar nan tana goye?"

"To, inda yake a da."

Autar kafinta ce a waya. Malamar makaranta ce a birni, jiya aka gaya mata likita ya sallamo babanta, ya ce a kai shi gida ya huta. Tun safe take kan hanya, motar da ta ɗauka sai wuce kwanar ƙauyen take yi tana dawowa. Ba laifin direba ba ne. Ƙauyen yana bayan tudu, babu allo, damina kuma ta rufe bakin hanyar da ciyawa.

"Baba, direban ya ce shi bai taɓa jin akwai gari a nan ba. Wai ku nawa ne a ciki?"

"Ɗari uku," in ji kafinta, ko gezau.

"Har da awaki?" mai keke ya tambaya.

"Har da duk wanda aka haifa a nan. Zuwa birni ba ya cire mutum daga lissafi."

Tun suna da baƙin gashi suke wannan gardama ta kan katanga. Mai keke dai ya tsaya a kan cewa ko tamanin ba su kai ba. Yau ma dariya suka yi, sai dai dariyar kafinta ta ƙare da tari mai tsawo, har matarsa ta shigo da kofin ruwa.

Mai keke ya karɓi wayar. "Auta, ku tsaya nan inda kuke. Ga ni nan zuwa."

Ya taka keke da ƙarfin da ya daɗe bai yi ba, ransa na can ɗakin da ya baro. A bakin kwalta ya cire rigarsa ta sama yana kaɗawa har motar ta hango shi. Direban ya dubi taɓon hanyar, ya ce nan kam iyakarsa.

"Hau baya," in ji mai keke, "kamar lokacin da nake kai ki makaranta."

"Kawu, na ƙara nauyi fa."

"Tayar keken ta gaya min."

Sun tarar da idon tsohon a buɗe, yana kallon ƙofa. Auta ta durƙusa ta riƙe hannunsa.

"To, maƙwabci," in ji mai keke yana haki, "yau dai mun ƙaru da mutum ɗaya."

"A lissafinka," in ji kafinta a hankali. "A nawa ba ta taɓa fita ba."

Ya sha ruwa daga hannunta, ya yi mata faɗan rama, ya tambayi ɗalibanta. Washegari da hantsi, tana gyara masa matashi, ya cika.

Bayan mutane sun watse, mai keke ya leƙa rumfar aikin kafinta. Auta na zaune a kan wani benci da tsohon bai gama ba, ƙafa ɗaya gajera, yana ta karkacewa. Ya tsuguna ya zaɓi guntun katako cikin ɓawon da ke ƙasa, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. Sannan ya zauna a ɗaya gefen.