Mai Fasawa da Mai Nazarta

Yaya yana cikin ɗaga guduma sai motar kamfani ta tsaya a bakin ramin da suke fasa dutse. Auta ne ya fito, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, da farar hular kwano da wata 'yar guduma da ba ta fi ludayi ba. Manaja da kansa ya buɗe masa ƙofa. Shekara ashirin Yaya yana ramin nan, Manaja ko sunansa bai riƙe ba.

Wani lebura ya ce, "Injiniya, wai me aka turo ka yi?"

"Dutsen zan nazarta."

"Za ka me?"

"In nazarce shi. In duba launinsa, in ƙwanƙwasa, in bi jijiyarsa, in gane yadda ya kwanta da inda zai tsage."

Yaya ya tofar da yawu. "Ashe kallo ma suna gare shi. To mu masu fasawa fa?"

Aka kwashe da dariya. Auta ya yi murmushi, bai ɗago kai ba.

Da rana ta take, Auta ya shafa jan fenti a bangon gabas, ya ce gobe can za a koma da aiki. Yaya ya san bangon nan. Damina biyu ke nan ruwa yana shiga bayansa. Ya buɗe baki, sai ya tuna yadda Inna ke gaya wa baƙi, "Autana duwatsu yake nazarta," shi kuwa sai dai, "Babban yana rami." Ya ja bakinsa ya yi shiru. Bari boko ya gaya masa.

Sau uku Yaya yana kai guduma tana gocewa. Mutum shida ne za su tsaya ƙarƙashin bangon nan gobe, kuma duk ya san 'ya'yansu.

Ya je ya fizgo hannun Auta zuwa gindin bangon, ya danƙa masa babbar gudumar. "Ajiye abin wasan nan. Bugi nan."

Auta ya buga. Dutsen ya amsa kamar fankon tulu. Auta ya ja da baya. "Yaya, ai wannan..." Bai ƙarasa ba ya ruga ofis.

Da aka tashi aiki Manaja ya tara su. "Injiniya ya nazarci bangon gabas, ya gano zai rufto. Yau ya ceci rayuka. A tafa masa!"

Auta ya ɗaga hannu yana nuna Yaya, bakinsa yana motsi, amma tafi ya danne maganar. Manaja har ya juya.

Yaya ya jingine gudumarsa, ya tafa sau biyu. Hannu ne da ya yi kanta, tafinsa ba ya ƙara sosai.