Wasiƙar Elmer

"Cire hannunki daga nan, Doreen," in ji Elmer. "Ba kullu kike kwaɓawa ba. A hankali."

Ina zaune a bakin gadon asibitin da aka kawo masa falo, kwamfutarsa a cinyata, fuskarta baƙa ƙirin. Shekara goma sha ɗaya muna raba bango ɗaya a garin Thunder Bay, ban taɓa ganin fuskar nan da haske ba. Tun da ciwon suga ya cinye masa idanu ya kashe ta, ya kunna muryar da ke cikin na'urar, wadda ke karanta masa duk abin da ya taɓa. Da sauri take magana kamar mai gwanjo, ni ko kalma ɗaya ba na kamawa.

Yanzu kuma yatsunsa sun ƙi. Likita ta ce mako biyu suka rage masa, in an yi sa'a. Shi kuwa yana son ya rubuta wa ƙanensa Arvo, wanda ke can lardin Alberta mai nisa. Rabon su da magana shekara ashirin da shida, tun wata rigima a kan jirgin kamun kifin mahaifinsu.

"Ka faɗa mini kawai in rubuta mana," na ce.

"Ki ji sirrina, gobe dukan matan coci su ji? A'a. Jiya na lallaɓa na gama rubutawa. Aikawa ce ta gagare ni."

"Tsoho mai baƙin hali."

"Na gode. Danna maɓallin ƙasa sau uku."

Ya cusa abin sauraro a kunne, ni kuma na zama hannu kawai. Ya ce ƙasa, in danna. Ya ce dama, in danna. Yana saurare, bakinsa a buɗe kaɗan, gumi na tsattsafo masa a goshi. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da yadda mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗora alkama a jiragen ruwa ya koma roƙon yatsa ɗaya.

"Yanzu babban nan na dama," ya ce.

Ina dannawa nas ta shigo da jakarta, ta zare masa abin kunnen don ta gwada zafin jikinsa. Na duba fuskar kwamfutar, babu komai, kamar kullum. Sai na rufe murfin na ɗora ta a kan kabad, don a samu wuri.

"Saƙon ya tafi?" ya tambaye ni.

"Ya tafi," na ce. Na ɗauka gaskiya na faɗa.

Ya ce ya saka lambar wayar gidan a ƙarshen wasiƙar, domin Arvo ba mai rubutu ba ne. Daga ranar ya sa na jawo wayar kusa da matashinsa. Na kawo miyar kifi, bai sha ba. In waya ta yi ƙara sai ya ɗaga kai, in ɗauka, ashe masu kantin magani ne ko wata daga coci.

A rana ta biyar ya ce, "Mai da wayar wurinta."

"Ka ƙara haƙuri. Wataƙila ya yi tafiya."

"Ina zai je, yana da shekara saba'in da huɗu? Ya karanta, Doreen. Na san halinsa." Ya juya fuska bango. "Ni ma da haka zan yi."

Ya rasu ranar Talata da hantsi, ina wanke masa kofi. Mu tara ne a wurin binnewa. Ba wanda ke da lambar Arvo, ni kuma, saboda haushinsa da nake ji, ban wahalar da kaina nema ba.

Bayan mako guda mai gidan ya ba ni mabuɗi in tattara kayan da za a kai wa mabuƙata. Na sa wa kwamfutar wuta, na buɗe murfin don in ga ko tana aiki. Muryar ta zuba wani abu da saurinta, sai na ji 'yar ƙarar nan da kowa ya sani, ta saƙo idan ya fita. Ashe da na rufe murfin wasiƙar ba ta kai ga tafiya ba. Da abin sauraron na kunnensa da ya sani nan take. Ni ce na amsa masa da idona, alhali ban ga komai ba.

Na zauna a kan kwalin tufafinsa. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba, ko shayi bai isa ya huce ba.

Sai wayar da ke kan tebur, kusa da inda gadon yake a da, ta fara ƙara.